An soke dokokin wariya, to me ya hana giɓin rufewa?

'Yar Shari'a:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da ta tsaya min a rai tun jiya. Muna aji ana darasi a kan shari'ar Brown ta 1954, wadda Kotun Ƙolin Amurka ta ce raba makarantun gwamnati tsakanin baƙaƙen fata da farare ya saɓa wa tsarin mulki. Sai wani ɗan ajinmu ya ɗaga hannu ya ce ai magana ta ƙare ke nan. An hana wariya a makaranta a 1954, an yi dokar 'yancin jama'a a 1964, an yi ta zaɓe a 1965, har baƙar fata ya mulki ƙasar shekara takwas. Duk wanda yake baya yanzu, in ji shi, shi ya so. Malam bai ce masa komai ba, ya ce kowa ya kawo amsarsa a rubuce mako mai zuwa. Jikina ya ba ni yaron bai yi daidai ba, amma da na buɗe baki sai na tarar ba ni da abin da zan kafa masa sai ɓacin rai. Ku taimaka min da hujja, in kuma shi ke da gaskiya ku gaya min.

Ɗan Tattali:
Wa alaikis salam 'yar'uwa. Ki fara raba masa abu biyu da ya cakuɗa: albashi daban, dukiya daban. Albashi shi ne abin da ya shigo hannunki wannan watan. Dukiya kuwa abin da aka tara ne, gida da fili da ajiya, kuma yawanci gadonta ake yi. Doka za ta iya cewa daga yau a biya mutum biyu albashi ɗaya, amma ba za ta koma baya ta ba kakan ɗayansu gidan da aka hana shi saya ba.

Kuma hana shi aka yi, a rubuce. A shekarun 1930 wata hukumar gwamnatin tarayyar Amurka ta zana taswirar birane, ta shafa jan launi a unguwannin da ta ce ba da bashi a cikinsu kasada ne, kuma unguwannin baƙaƙen fata kusan duk ja suka sha. Hukumar da ke tsaya wa bashin sayen gida ita ma ta riƙa guje wa irin waɗannan unguwanni. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, dokar 1944 ta ba tsoffin sojoji damar karatu da bashin gida mai sauƙi, amma bankuna da jami'an yankuna ne ke aiwatarwa, sojoji baƙaƙe da yawa suka dawo daga fagen daga aka rufe musu ƙofa. Sai a 1968 aka haramta wariya wajen sayar da gida ko ba da haya. Ki lissafa, shekara talatin da wani abu wasu iyalai suna sayen gidajen da kuɗinsu ke ninkuwa, wasu suna biyan haya.

Sakamakon yana nan a alƙaluman Babban Bankin Amurka na 2022: iyalin farar fata da ke tsaka-tsaki yana da dukiyar kusan dala 285,000, na baƙar fata kusan dala 45,000. Ninki shida. Wanda ya kwana da wannan kuɗin a bayansa, in aiki ya ƙwace masa ko ciwo ya kwantar da shi, yana da abin jingina. Ɗayan kuwa wata uku sun isa su kai shi ƙasa.

Injiniya:
Ni fa ina da ja, kuma ku yi min adalci ku saurara. Duk abin da Ɗan Tattali ya faɗa na yarda ya faru. Amma abin da ya bayyana talauci ne da ake gado, kuma talauci ba ya duba fata. A Amurkar nan, in adadi za a bi, talakawa farare sun fi talakawa baƙaƙe yawa. Ɗan mai haƙar kwal da mahaƙarsu ta rufe, me farin fatarsa ta saya masa? Sannan ga 'yan Afirka da suke zuwa can da akwati ɗaya, cikin shekara goma sun zama likitoci da injiniyoyi. Fatarsu ba baƙa ba ce? In launi ne katangar, ta ina suka haura?

Mai Ƙididdiga:
Tambayarka ta biyu tana da amsa mai sauƙi, ɗan'uwa. Wanda ya samu bizar karatu ko ta aiki an riga an tace shi tun daga gida. Ya ci jarrabawa, yana da digiri ko yana hanyarsa, iyalinsa sun iya haɗa kuɗin jirgi. Kana kwatanta zaɓaɓɓun wata al'umma da ɗaukacin wata al'umma, wannan awo ba ya ba da gaskiya.

Ta farkon ce mai nauyi, kuma an gwada ta. Masu bincike biyu, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan, sun aika takardun neman aiki kusan dubu biyar zuwa kamfanoni a Boston da Chicago, suka buga sakamakon a 2004. Takardun iri ɗaya ne, suna kawai aka sauya, wasu da sunayen da aka san farare da su, wasu da na baƙaƙe. Masu sunan farare sun fi samun kira da kashi 50 cikin ɗari. Mai ɗaukar aikin bai ga fuskar kowa ba, bai san asusun uban kowa ba.

Akwai wanda ya fi wannan ɗaci. Wata mai bincike, Devah Pager, ta tura samari neman aiki a birnin Milwaukee na Amurka, an koya musu magana iri ɗaya da shiga iri ɗaya. Farin da ya ce ya taɓa zaman gidan yari an kira shi a kashi 17 cikin ɗari na wuraren. Baƙin da bai taɓa laifi ba, kashi 14. Ka ga a nan talauci bai shigo ba ko kaɗan.

Injiniya:
Wannan na biyun ya girgiza ni, ban taɓa jinsa ba. Amma binciken ya haura shekara ashirin. Duniya ba ta motsa ba tun lokacin?

Mai Ƙididdiga:
An yi ta maimaita irinsa a ƙasashe da dama, har da Birtaniya da Faransa, kuma bambancin yana ci gaba da fitowa. Ga kuma na 2018 da Raj Chetty da abokan aikinsa suka yi da bayanan haraji na miliyoyin Amurkawa, wanda ya taɓa maganarka kai tsaye. Sun duba yaran da suka tashi a gidajen masu hali. Ɗan farar fata, yiwuwar ya zauna a sama ta ninka ta ya faɗo can ƙasa sau da yawa. Ɗan baƙar fata da ya tashi a irin gidan, yiwuwar ya faɗo can ƙasa ta yi kusan daidai da yiwuwar ya zauna a sama. Abin da ya fi ba ni mamaki, giɓin a kan maza ya fi faɗawa, don mata baƙaƙe da farare da suka fito daga gidaje masu samu ɗaya, abin da suke samu da kansu ya yi kusa da juna. Har yanzu ina juya wannan a raina.

Baƙon Aji:
Ku bar ni in ba ku abin da idona ya gani, don ni a ƙasar waje nake karatu. Shekarata ta farko ina neman ɗaki. Na ga talla, na kira, matar ta yi min magana da fara'a, ta ce ɗakin yana nan, in zo ƙarfe huɗu. Na yi wanka na sa rigata mafi kyau, na riƙe takardar makaranta da ta banki a jaka don kada a ce ba ni da shaida. Na buga ƙofa. Ta buɗe kamar faɗin tafin hannu, sarƙar ƙofar tana maƙale, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce an riga an kama ɗakin da safe. Ba ta zage ni ba, har haƙuri ta ba ni. Da na koma na roƙi wani abokina farar fata ya kira lambar. Ina zaune kusa da shi ta ce masa ya zo gobe ya gani.

Abin da ya fi ci min rai ba rashin ɗakin ba ne. Daga ranar duk abin da ya same ni sai in tsaya ina tambayar kaina, wannan don ni ne ko don fatata? Malami ya rage min maki, mai gadi ya bi ni a kanti, an tsallake ni wajen raba rukunin aiki. Wataƙila rabi ba komai ba ne, amma ba ni da hanyar sani. Wannan lissafin da kake kwana kana yi, gajiya ce da abokan karatuna farare ba su san da ita ba.

'Yar Shari'a:
Allah ya saka maka ɗan'uwa. Ka kai ƙara? Yawancin ƙasashen suna da dokar da ta hana wannan.

Baƙon Aji:
Da wace shaida? Maganata da tata. Ga bizar ɗalibi a hannuna, ga jarrabawa a gabana. Na haɗiye na nemi wani wurin.

Likitar Gobe:
Bari in kawo ta ɓangarenmu, don a asibiti ne na gane cewa ba sai da mugun mutum ake cutar da mutane ba. Kun san ƙaramar na'urar nan da ake maƙala wa mara lafiya a yatsa don auna iskar oksijin a jininsa? Haske take harbawa ta cikin fata. A 2020, ana tsakiyar korona, likitoci a Jami'ar Michigan suka nuna cewa tana yawan nuna lamba mai kyau ga baƙar fata alhali iskarsa ta yi ƙasa, kusan ninki uku fiye da yadda take kuskuren ga farare. Ma'ana mutum yana buƙatar a sa masa iska, na'ura tana cewa lafiyarsa ƙalau. Nas ɗin da ta karanta lambar ba ta ƙi kowa ba.

Haka littattafan cutar fata da muke karantawa. Hotunan galibi na farar fata ne, ana cewa ka nemi jan tabo. Ranar farko da na ga ƙurji a jikin yaro mai duhun fata ban gane shi ba, don ba ja ya yi ba, duhu ya ƙara. Wata tsohuwar nas ce ta kama hannuna ta ɗora a wurin ta ce, 'yata, taɓa ki ji, a irin fatarmu da hannu ake gani.

Sannan a Amurka mace baƙar fata ta fi farar mace haɗarin mutuwa wajen ciki da haihuwa kusan sau uku, kuma ilimi ba ya share giɓin. Injiniya, wannan ma talauci ne kaɗai?

Injiniya:
A'a Likita, na sauka daga kan cewa talauci ne kaɗai. Inda nake tsaye har yanzu shi ne maganin matsalar. In aka ce a ware gurbin jami'a bisa launi, wa zai ci? Ɗan lauya baƙar fata da ya yi makarantar kuɗi. Ɗan talaka na kowane launi yana waje. Kuma wanda aka hana gurbin yaro ne ɗan shekara sha takwas da bai taɓa mallakar bawa ba. Ko a shari'ar da aka yi da jami'ar Harvard, ɗaliban da aka ce an tauye 'yan asalin Asiya ne, su ma ba su zalunci kowa ba.

'Yar Shari'a:
Ai Kotun Ƙolin ta bi ra'ayinka a watan Yunin 2023, ta hana jami'o'i duba launi wajen ba da gurbi. Amma akwai fifikon da ba ta taɓa ba: wanda ake yi wa 'ya'yan tsoffin ɗalibai da na masu ba jami'a gudummawa. Su waye kakanninsu suka yi waɗannan jami'o'in lokacin da ƙofa take rufe ga wasu? Wannan ma gado ne, sai dai ba a kiransa da sunan launi.

Mai Tarihi:
Ku ɗan fito daga Amurka, don Barazil ta gwada haɗa maganganunku biyu. Can ne aka fi kai bayi daga Afirka, sama da miliyan huɗu, kuma ita ce ta ƙarshe a nahiyar Amurka da ta soke bauta, a 1888. Ba ta yi dokokin raba makarantu da motoci irin na kudancin Amurka ba, ta daɗe tana alfaharin cewa ita ba ta da wariya. Amma duk wanda ya leƙa ajin koyon likitanci ya kuma leƙa unguwannin talakawa ya san launin kowanne. A 2012 suka yi doka: rabin guraben jami'o'in tarayya na waɗanda suka yi sakandaren gwamnati ne, a cikin rabin nan a ware wa masu ƙaramin ƙarfi kaso, sannan a raba bisa yawan baƙaƙe da ruwa-biyu da 'yan asalin ƙasa a kowace jiha. Ɗan lauyan da kake tsoro, Injiniya, in makarantar kuɗi ya yi ba ya ciki.

Game da yaron da bai mallaki bawa ba, gaskiya ne, ba a ɗora masa laifi. Amma a tuna an taɓa biyan diyyar bauta, ga wa aka biya? Da Birtaniya ta soke bauta da dokar 1833, ta ware fam miliyan 20 ta biya masu bayi, bayin ba su samu ko sisi ba. Bashin da aka ci don wannan yana cikin wanda baitulmalinsu ya gama biya a 2015. A 1825 Faransa ta tilasta wa Haiti biyan faran miliyan 150 a matsayin fansar 'yancin da ta ƙwata da jininta. A Amurka an fara raba wa 'yantattun bayi eka arba'in-arba'in a farkon 1865, kafin shekara ta ƙare Shugaba Andrew Johnson ya sa aka mayar wa tsoffin iyayengijinsu. A Afirka ta Kudu dokar 1913 ta killace baƙaƙe a kusan kashi 7 cikin ɗari na ƙasa, daga baya aka kai 13. Mandela ya hau mulki a 1994, amma binciken gwamnati na 2017 ya nuna kashi 72 cikin ɗari na gonakin da ɗaiɗaikun mutane suka mallaka suna hannun farare, waɗanda ba su kai kashi 10 na jama'a ba. Mutum yana iya zama ba shi da laifi, amma yana zaune a kan abin da laifin ya haifar.

Ɗan Falsafa:
Na karanta duka, kuma ina tare da ku. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Tun ɗazu Turawa muke ambata. Muritaniya sai a 1981 ta soke bauta, sai a 2007 ta mai da ita laifin da ake hukuntawa. A 2017 duniya ta ga bidiyon da ake gwanjon 'yan ci-rani baƙaƙe a Libiya. A farkon 2023 an kori baƙaƙen Afirka daga gidajen haya a Tunisiya bayan kalaman shugaban ƙasar a kansu. Wannan duk a nahiyarmu.

Mu matso kusa ma. Man bilicin da ake sayarwa daga Afirka har Indiya, wa ya tilasta mana? Sau nawa muka ji an yabi jariri don ya fito fari, ko an tsokani yarinya da duhunta har ta daina ɗaga hannu a aji? Sau nawa aka fasa aure don an tono cewa kakan wane bawa ne? In muna so a ji kukanmu a waje, sai mun iya jin na wanda muke dannewa a gida.

Mai Tarihi:
Na yarda, da sharaɗi ɗaya: kada a mai da wannan bulalar rufe baki. Na sha ganin an kawo maganar Libiya don kawai a ce to kowa ma yana yi, a bar zancen. Biyun duka a kan teburi suke.

Ɗan Falsafa:
Ba don a bar zancen na kawo ba, Malam, don a faɗaɗa shi ne.

Ɗalibar Hadisi:
Abin da Ɗan Falsafa ya faɗa ya tuna min da Abu Zarr. Sahabi ne babba, amma da ya gori wani mutum da uwarsa, Annabi (SAW) ya ce masa shi mutum ne da akwai sauran jahiliyya a tare da shi. Aya ta 13 a Suratul Hujurat ta ce an sanya mu al'ummomi da ƙabilu ne don mu san juna, kuma mafi daraja shi ne mafi taƙawa. Mun haddace wannan tun muna yara. Abin da nake ɗauka daga labarin Abu Zarr shi ne mutum yana iya zama na kirki, mai imani, abin yana kwance a harshensa bai sani ba sai ranar da fushi ya fito da shi. Matar da ta rufe wa ɗan'uwanmu ƙofa, ina kyautata zaton in ka tambaye ta za ta rantse ba ta ƙin kowa.

Likitar Gobe:
Ilimin halitta ma bai ba wa masu wariya komai ba. Tun 1972 Richard Lewontin ya nuna cewa kusan kashi 85 cikin ɗari na bambancin ƙwayoyin halittar ɗan Adam yana cikin kowace al'umma ne, tsakanin mutum da maƙwabcinsa. Afirka kuma ta fi ko'ina yawan wannan bambancin, har 'yan Afirka biyu suna iya nisa da juna fiye da Bature da Basine. Amma da an sauka a filin jirgi duk sunanmu ɗaya.

'Yar Shari'a:
Na gode muku ƙwarai. Yau na haɗu da yaron a ɗakin karatu, na karanta masa maganar taswirar ja da ta takardun neman aiki. Ya yi shiru, ya ce bai san da su ba. Sai ya jefo min wata: to har yaushe? Wace rana za a ce an biya, a daina duba launin kowa? Na tuna a shari'ar Grutter ta 2003, wadda Kotun Ƙolin ta yarda jami'o'i su duba launi wajen ba da gurbi, Mai Shari'a Sandra Day O'Connor ta rubuta cewa tana sa ran nan da shekara 25 ba za a buƙaci wannan fifikon ba. Ba a ma kai ba aka soke shi, giɓin dukiyar kuma yana nan ninki shida. Barazil ta sa a riƙa duba dokarta bayan shekara goma, ta duba ta sabunta a 2023. Ban iya ba shi amsa ba. Da shekaru za a auna, ko da alƙaluma?

Injiniya:
Da alƙaluma, in ni aka tambaya. A riƙa aika takardun nan masu suna biyu duk shekara, a buga sunan kamfanin da ya faɗi, a ci shi tara. Ranar da kira ya zo daidai, a zauna a yi maganar dainawa. Mai Ƙididdiga, irin wannan gwajin mutum nawa yake buƙata? In ɗalibai za su iya, ni zan rubuta manhajar da za ta riƙa sauya sunayen.

Mai Ƙididdiga:
Za a iya, amma sai kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a ya amince, tunda kamfanonin ba za su san ana gwada su ba. Kuma takarda ɗari ba za ta isa a ce komai ba, sai an haura dubu. Baƙon Aji, in aka yi na gidajen haya maimakon na aiki, za ka shiga?

Baƙon Aji:
Zan shiga. Har yanzu lambar matar tana wayata.